Su Wane Ne Baƙin?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wallahi abin nan ya daɗe yana cin raina, kuma na lura in ban ɗago shi ba babu mai ɗagowa. Ranar 20 ga Janairun 2025, ranar da Trump ya koma kan mulki, ya dakatar da karɓar 'yan gudun hijira a Amurka. Mutanen da suka shekara da shekaru a sansani, an gama tantance su, aka ce su tsaya inda suke. Ko mako uku ba a yi ba, ranar 7 ga Fabrairu, sai ga wani umarni: an yanke wa Afirka ta Kudu tallafi, an kuma buɗe ƙofa ta musamman ga Turawan ƙasar da ake kira Afirkana, wai ana zaluntar su. Ranar 12 ga Mayu aka sauke mutum 59 a filin jirgin Dulles da ke kusa da Washington, jirgi shata, mataimakin sakataren harkokin waje da kansa ya je tarya. Daga baya aka rage adadin 'yan gudun hijirar da za a karɓa a shekara daga 125,000 zuwa 7,500, kuma aka ce mafi yawan gurbin nasu ne. Jama'a, a Sudan fa tun Afrilun 2023 yaƙi ya raba sama da mutum miliyan 10 da gidajensu. A gabashin Kongo ana ta binne mutane. Amma waɗannan baƙi da suka ci ƙasar mutane ɗaruruwan shekaru, su ne yau abin tausayi? Ni dai na ce wannan wariyar launin fata ce tsirara, kuma horo ne ake yi wa Afirka ta Kudu saboda ta kai Isra'ila kotun duniya a Disambar 2023. Mai ja ya fito.

Sarkin Yaƙi: Baƙi kuma? Malam ka duba rubutunka. Turawa ne fa jajur, masu jan kunne. Ina baƙi a nan?

Baban Hanifa: Jam'in baƙo nake nufi, ɗan'uwa. Baƙi, waɗanda suka zo daga wani wuri.

Sarkin Yaƙi: To ka rubuta yadda za a gane mana. Ana maganar launin fata ka ce baƙi, wa zai san wanne kake nufi?

Barista: Ko jam'in baƙon ne, ban yarda ba, kuma a nan maganarka ta karye gaba ɗaya. Jan van Riebeeck ya sauka a gaɓar Kef, a Afirka ta Kudu ta yau, a 1652 da sunan kamfanin kasuwancin Holan. Faransawa masu gudun tsangwamar addini suka biyo baya wajen 1688. Yau sama da shekara 370 ke nan. Harshensu ma a can ya tsiro, ba a jin sa a matsayin harshen gida a ko'ina cikin Turai. Sunan da suke kiran kansu, Afirkana, ma'anarsa mutumin Afirka. Wace ƙasa za ka ce su koma? Mutumin da kakan kakan kakansa ke binne a wuri ba a ce masa baƙo.

Ɗan Sahel: Komai daɗewar kututture a ruwa ba ya zama kada. Baƙi ne, kuma baƙin da ba su yi sallama ba. Baƙon kirki yana tsayawa a ƙofa sai an ce ya shigo. Waɗannan da bindiga suka shigo, suka kori mutanen Khoi da San daga makiyayarsu, suka kawo bayi suka sa su noma. Shekara dubu ma in sun yi, yadda suka shigo bai canza ba.

Barista: Ban ce sun shigo da sallama ba. Azzalumi daban, baƙo daban. Ɗan gida ma yana zalunci.

Ɗan Sahel: To in 'yan gida ne me ya sa suka hau jirgi? Baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Rana ta fito, raɓa ta kama gabanta. Su da kansu suka amsa tambayar.

Barista: Mutum 59 a jirgin farko, cikin mutum sama da miliyan biyu da rabi masu wannan asali. Haka ake hujja? Manyan ƙungiyoyinsu ma da suka kai ƙorafi Washington sun fito sun ce su ba inda za su, a Afirka ta Kudu za su zauna. In hawa jirgi ke mai da mutum baƙo a ƙasarsa, to duk ɗan Afirkan da ya tsallaka Bahar Rum a kwale-kwale shi ma ka cire shi daga lissafi.

Maman Sadiq: Don Allah Barista da Ɗan Sahel, Baban Hanifa tambaya ya yi a kan mutanen Sudan da Kongo da aka rufe wa ƙofa. An bar jaki ana dukan taiki.

Sarkin Yaƙi: Hajiya ai kalmar ce ta jawo. Da ya ce Turawa kawai da an wuce wurin.

Malama Mai Alli: Ni abin da ya tsaya mini shi ne yadda kuka ruɗe da kalma ɗaya. A baki ba a ruɗewa, domin karin sauti ya raba su, a rubutu ne suke zama iri ɗaya. Amma tunda an zo nan, bari in faɗi abin da na daɗe ina tunani. Mu dubi harshenmu. Baƙin ciki, baƙin jini, baƙar aniya, baƙar magana, baƙin hali. Sai kuma farin ciki, farin jini, farar aniya, farar zuciya. Yarinya tana tashi tana jin duk abin ƙi baƙi ne, duk abin so fari ne, sannan ta kalli madubi. Muna zagin Trump, mu kuma 'ya'yanmu mata na shafa mai suna ɓare fatarsu. Wannan bai dame ku ba?

Alaramma: Malama, a'a. Wannan maganar dare da rana ce, duhu da haske, ba ta shafi fatar ɗan Adam ba. Kakanninmu suna cewa baƙin ciki tun kafin su taɓa ganin Bature da idonsu. Kada a ɗora wa Hausa laifin da ba nata ba. Kuma addini ya riga ya yanke hukunci: Allah ya ce bambancin harsunanku da launukanku yana cikin ayoyinsa, ya kuma ce mafificinku a wurinsa shi ne mafi taƙawa. Bilal baƙar fata ne, shi ya hau ya kira salla.

Malama Mai Alli: Allah ya gafarta Malam, na yarda da ayoyin ɗari bisa ɗari. Abin da nake tambaya shi ne aikinmu. A Libiya a 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon baƙaƙen fata, kuma ba Trump ne ya yi gwanjon ba. Muritaniya sai 1981 ta soke bauta, sai 2007 ta mai da ita laifin da ake hukuntawa. A Fabrairun 2023 shugaban Tunisiya ya yi jawabi a kan baƙin haure daga kudu da Sahara, bayansa aka bi mutane ana kora daga gidajen haya. Waɗannan duk masu salla ne.

Alaramma: Aikin mutane daban, hukuncin Allah daban. Amma ina roƙon ki kada ki mai da zancen ya zama na Larabawa. Masu son raba Musulmi da wannan ƙofar suke shigowa.

Sarkin Yaƙi: Gaskiya Malama ta faɗi abin da ake tsoron faɗa.

Ɗan Sahel: Ga shi nan, an fara. Ana maganar Amurka, an karkata zuwa Larabawa. Haka ake yi kullum, duk lokacin da aka taɓa Yamma sai 'yan korenta su jawo wani zance. Ku bar ni in gaya muku abin da ke ƙasa. Ruwa ba ya tsami banza. Afirka ta Kudu tana cikin BRICS, ƙungiyar ƙasashe masu tasowa, tare da Rasha da Sin. Ta ƙi jefa ƙuri'ar la'antar Rasha a Majalisar Ɗinkin Duniya a Maris ɗin 2022. Ta yi atisayen sojan ruwa da Rasha da Sin a Fabrairun 2023. Ta kai Isra'ila kotu. Shi ya sa aka kori jakadanta Ebrahim Rasool a Maris ɗin 2025, shi ya sa Amurka ta ƙaurace wa taron G20 na Johannesburg a Nuwamba, taron farko irinsa a ƙasar Afirka. Baƙin nan sanda ce kawai aka ɗauka don a doke ta. Kuma ina nan a kan bakana, baƙi ne.

Barista: Kashi tara cikin goma na abin da ka faɗa na yarda da shi, umarnin na 7 ga Fabrairu ma da kansa ya ambaci ƙarar Isra'ila da hulɗa da Iran. Kalmar ce kawai nake ja. Kuma kada ka sake ce mini ɗan kore. Ka san ANC ɗin da kake karewa, jam'iyyar su Mandela, ba ta ce musu baƙi? Kundin 'yanci da aka amince da shi a Kliptown a 1955 da wannan ya buɗe: Afirka ta Kudu ta duk wanda ke zaune cikinta ce, baƙi da fari. Bram Fischer ɗan Afirkana ne, daga babban gida, shi ya jagoranci lauyoyin da suka kare Mandela a shari'ar Rivonia, aka yi masa ɗaurin rai da rai a 1966, ya rasu a 1975 ba tare da an 'yanta shi ba. Shi ma baƙo ne? Wanda ya ce musu baƙi, bai sani ba, hujja yake miƙa wa Trump. Abin da Trump ke so duniya ta yarda da shi ke nan, cewa ana kallon su bare, ana shirin korar su.

Sarkin Yaƙi: "Baƙi da fari" ka rubuta. Wannan wane baƙin ne kuma?

Barista: Na launi. Ka karanta jimlar duka.

Ɗan Sahel: Mutum ɗaya ka kawo. Ni in kawo maka doka. Dokar filaye ta 1913 ta ware wa baƙaƙen fata kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasarsu, a 1936 aka ƙara ya kai wajen kashi 13. Binciken filaye na gwamnati na 2017 ya nuna kashi 72 na gonakin da ke hannun ɗaiɗaikun mutane na fararen fata ne, alhali ba su wuce kashi 7 da ɗoriya na jama'a ba. Ɗan gida ne ke rabon gado haka? Sharpeville, 1960, mutum 69 aka harbe, da yawansu ta baya. Soweto, 1976, 'yan makaranta, saboda sun ƙi a koya musu darasi da wannan harshen da kake yabo.

Barista: Ban yabi harshe ba, cewa na yi a can ya tsiro. Kuma miliyoyin masu jin sa yau ba farare ba ne. Duk alƙaluman da ka kawo gaskiya ne, hujja ce ta a gyara rabon filaye, ni ma ina goyon bayan a gyara. Ba hujja ba ce ta a ce wa ɗan ƙasa baƙo. Zimbabuwe ta bi hanyar ƙwace a 2000, noma ya durƙushe, a 2020 ta dawo ta sa hannu za ta biya diyyar dala biliyan 3.5.

Ɗan Sahel: Takunkumi ne ya durƙusar da Zimbabuwe.

Barista: Kawo hujja.

Ɗan Sahel: Kowa ya sani. Ba sai na kawo maka takarda ba.

Kawu Mai Rediyo: 'Ya'yana, ku saurara mini kaɗan, na girme ku duka. Lokacin da muke samari, maganar Afirka ta Kudu ba a rediyo kawai take ba, a jikinmu take. Na tuna jawabin Janar Murtala a Addis Ababa a Janairun 1976 a kan Angola, lokacin da Amurka ke son Afirka ta bi bayanta ya ƙi. Na tuna ma'aikata suna ba da wani abu daga albashinsu don asusun taimakon kudancin Afirka. A 1979 Najeriya ta karɓe kadarorin kamfanin BP. Thabo Mbeki, wanda daga baya ya zama shugaban Afirka ta Kudu, ya zauna a Legas yana wakiltar ANC. A wancan zamanin gwamnatin Reagan lallaɓa masu wariya take yi, sai da majalisar Amurka ta tsallake kujerar na-ƙinsa a 1986 kafin a sa takunkumi. Sunan Mandela bai fita daga jerin waɗanda Amurka ke sa wa ido kan ta'addanci ba sai 2008, yana gab da cika shekara 90 a duniya. Saboda haka abin da Baban Hanifa ya faɗa bai ba ni mamaki ba. Amma kalmar baƙi, ni ban taɓa jin Mandela ya tsaya a kanta ba. Mulkin wariya muka yaƙa.

Ɗan Sahel: Allah ya ƙara girma, Kawu. Amma ka manta ka faɗi wanda ya ba da makamai da horo. Tarayyar Sobiyat ce. Kuba ce ta tura sojoji Angola. Shi ya sa har gobe muke tare da Rasha.

Ɗalibin Likita: Yaya Ɗan Sahel, Tarayyar Sobiyat ba Rasha kaɗai ba ce. Wasu daga cikin mayaƙan ANC a Odessa aka horar da su, kuma Odessa a Yukren take. Ni ba na goyon bayan kowa cikinsu, domin na ɗanɗana. Ina karatu a can lokacin da yaƙi ya ɓarke a Fabrairun 2022. Bama-baman Rasha ne suka kore mu, ba su tambayi launin kowa ba. Da muka isa bakin iyaka kuma aka ware mu gefe, mu baƙaƙe, muka kwana a tsaye cikin sanyin da ban taɓa ji ba, ana wucewa da wasu a gabanmu. Har Tarayyar Afirka sai da ta fitar da sanarwa a kan haka. A daren nan ni baƙi ne ta fuska biyu, na launi da na baƙunta, kuma ban ga wata babbar ƙasa da ta zo ta tambayi lafiyata ba.

Maman Sadiq: Allah sarki. Allah ya saka maka, ƙanena.

Ɗan Sahel: Ka ga ni ba? Turai ke nan. Josep Borrell, babban jami'in harkokin wajen Tarayyar Turai na lokacin, a Oktoban 2022 ya kwatanta Turai da lambu, sauran duniya da kurmi. Da bakinsa.

Ɗalibin Likita: Rabin maganata ka ɗauka, Yaya. Na ce bama-baman Rasha ne suka kore mu.

Barista: Haka yake yi. Tambaye shi Moura. Rahoton ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a Maris ɗin 2022 sojojin Mali da wasu sojojin ƙetare sun kashe aƙalla mutum 500 a garin. Fararen fatan da aka gani a wurin, su ba baƙi ba ne? Ko baƙon da ya zo daga Mosko shi ya yi sallama? An rabu da Bukar an haifi Habu. Kuma a Guangzhou a Afrilun 2020, lokacin korona, 'yan Afirka aka fitar daga masaukai suka kwana a titi. Sin ma 'yar BRICS ce.

Ɗan Sahel: Gwamnatin Mali ta ƙaryata wannan rahoton. Kuma gayyatar su aka yi, gwamnati ce ta kira su, wannan shi ne sallama. Kai kuma me ya sa ba ka ambaci Bounti, a Malin dai, ba? Janairun 2021, jirgin Faransa ya jefa bam a taron biki, Majalisar Ɗinkin Duniyar da kake ji da ita ta ce fararen hula 19 suka mutu. Wa ya rusa Libiya a 2011 har makamai suka malalo mana? Ku masu karatun boko kun fi son azzalumin da ya iya Turanci.

Barista: Faransa ma ta ƙaryata na Bounti, amma ni na yarda da rahoton, kamar yadda na yarda da na Moura. Kai ne ke zaɓen wanda za ka yarda da shi. Kuma Faransa ma a 2013 gwamnatin Mali ce ta kira ta.

Sarkin Yaƙi: Ɗan Sahel nawa Rasha ke biyan ka?

Ɗan Sahel: Ka janye wannan maganar. Ban taɓa karɓar sisin kowa ba, Allah ne shaidata. Ƙasata nake kishi.

Sarkin Yaƙi: Kai ma ka janye ɗan kore da ka ce wa mutane.

Mai Kula da Zaure: A kiyaye harshe don Allah. Wanda ya sake zargin wani da karɓar kuɗi zan cire shi na kwana uku.

Ɗan Kasuwa: Ni fa duk wannan kuka da kuke yi wa Afirka ta Kudu ba ya taɓa ni. Yayana ya zauna a can shekara takwas. A Satumban 2019 aka fasa shagonsa aka kwashe komai, da kayan jikinsa ya dawo cikin waɗanda aka kwaso a jirgi. Ba Bature ne ya fasa ba. A 2008 mutum 62 aka kashe a irin wannan rikici. Suna da sunan da suke kiran mu, makwerekwere, wato masu yaren da ba a ganewa. A wurinsu mu ne baƙi, Baturen kuma ɗan gida. Kawu ya ce an yanki albashi an taimake su, to ga sakayyar. Laifi tudu ne. Su gama da nasu kafin mu taya su kukan Trump.

Kawu Mai Rediyo: Ɗana, abin da ya sami yayanka ya yi mini ciwo, kuma na ji kunyarsa a lokacin. Amma ba don a biya mu muka yi ba.

Ɗan Sahel: Talauci ne da wariya ta bari. An hana mutum fili da ilimi shekara da shekaru, sai ya huce a kan na kusa da shi.

Ɗan Kasuwa: Kowa ka ba shi uzuri ban da wanda ba ka so.

Baban Hanifa: Jama'a, ni na kawo magana, kuma har yanzu ba wanda ya amsa ta. Ina ƙarawa da cewa akwai ƙarya a zancen kisan ƙare dangin da Trump ya ce ana yi wa Turawan can. Ranar 21 ga Mayun 2025 shugaban Afirka ta Kudu Ramaphosa ya je fadar White House, Trump ya sa aka rage fitilu aka kunna bidiyo. Gicciyen da aka nuna jere a bakin hanya aka ce kaburbura ne, ashe alamun zanga-zangar tunawa ce ta 2020. Wani hoton da ya ɗaga, kamfanin Reuters ya ce nasa ne, kuma a Goma ta Kongo aka ɗauke shi. Ku duba wannan: gawarwakin baƙaƙen fatan Kongo aka ɗauka aka yi hujjar ceton Turawa, su kuma 'yan Kongon an rufe musu ƙofa. A 2024 an kashe sama da mutum 25,000 a Afirka ta Kudu, mafi yawansu baƙaƙe ne a unguwannin talakawa, na gonaki gwammai ne. Ministan noma John Steenhuisen, Bature ne, yana cikin tawagar. Cocin Episkofal ta Amurka ma ta gwammace ta daina aikin tsugunar da 'yan gudun hijira da gwamnati da ta karɓi wannan tsari. Wannan nake so a tattauna.

Barista: A kan wannan ba ni da ja da kai ko kaɗan. Sai dai a faɗi gaskiya duka: waƙar da ɗan siyasa Julius Malema ke rerawa a taro, mai kiran a harbi Bowa, wato manomin Afirkana, ko da kotu ta ce ba kalaman ƙiyayya ba ce, ita ta ba su abin nunawa a bidiyon. Jam'iyyarsa ba ta kai kashi 10 ba a zaɓen 2024, ba ta cikin gwamnati, amma muryarsa aka kunna. Kalma tana da nauyi. Shi ya sa na tsaya a kan taka. Ka janye baƙi, in sa hannu a sauran.

Baban Hanifa: Ba zan janye ba. Da farko ban ma ɗauke ta da nauyi ba, amma yadda ka nace ya sa na ga akwai abin da kake karewa.

Barista: Subhanallah. Na ce na yarda da kai, ka ce ina kare wani abu.

Malama Mai Alli: Har yanzu dai ba wanda ya amsa mini zancen man shafawa.

Alaramma: An amsa miki, Malama. Ba ki karɓa ba ne.

Sarkin Yaƙi: Ni tambayata ɗaya. Elon Musk a Pretoria aka haife shi, yanzu ɗan Amurka ne. A can Amurkan shi baƙo ne ko ɗan gida? In shi ya zama ɗan gida cikin 'yan shekaru, me ya sa jikokin bayin da aka kai tun 1619 har yau ake ce musu su koma inda suka fito?

Ɗan Sahel: Tambayi Barista.

Barista: Tambayar tana goyon bayana ne. Wanda ya ce wa baƙar fatan Amurka baƙo ya yi zalunci, saboda daɗewa da haihuwa sun ba shi gida. Ma'auni ɗaya ne.

Ɗan Sahel: Wanda aka kawo a ɗaure da wanda ya zo da sarƙar a hannu, ma'auninsu ɗaya? Allah ya kiyaye.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita don waɗanda ba su bi daga farko ba. Baban Hanifa ya kawo magana mai hujja cewa Amurka tana amfani da Turawan Afirka ta Kudu don ta hori ƙasar saboda ta tsaya da Falasɗinawa kuma ta ƙi juya wa Rasha da Sin baya. Ɗan Sahel ya ƙarfafa shi da tarihi da alƙaluman filaye waɗanda ba wanda ya iya rusawa. Kawu ya tuna mana cewa Yamma ba ta taɓa son 'yancin baƙar fata ba. Ɗalibinmu ya ba da shaidar yadda Turai ke wulaƙanta mu. Barista ya yi ƙoƙarin kare Turawan ta hanyar riƙe kalma ɗaya, amma daga ƙarshe shi da kansa ya ce ya yarda da kashi tara cikin goma. Wasu sun so su karkatar da zancen zuwa Larabawa da wasu wurare, ba mu bi su ba. Abin da mafi yawan zaure ya tsaya a kai shi ne baƙi ne, kuma gara Afirka ta riƙe sababbin ƙawayenta. An rufe wannan batu.

Barista: Yallaɓai, wannan ba adalci ba ne. Yaushe aka ƙirga har aka san mafi yawa? Kawu cewa ya yi bai ji Mandela ya tsaya a kan kalmar ba, ka cire. Moura ka cire. Ban kare kowa ba, kuma ina so a gyara wannan a rubuce.

Ɗalibin Likita: Ni ma an yanke rabin shaidata, sau biyu ke nan.

Ɗan Kasuwa: Shagon yayana ko ambato bai samu ba.

Mai Kula da Zaure: Na ce an rufe.

Maman Sadiq: Kafin ka rufe, Yallaɓai. Birnin El Fasher na Sudan ya faɗa hannun RSF, dakarun da ke yaƙar sojan ƙasar, a ƙarshen Oktoban 2025 bayan ƙawanyar kusan shekara ɗaya da rabi, kuma tun Agustan 2024 aka tabbatar da yunwa a sansanin Zamzam da ke kusa da shi. Da su Baban Hanifa ya buɗe maganarsa. Na duba taƙaitawarka sau biyu, ban ga sunan Sudan ba.